Naman Bikin Ƙanwar Matata

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka yi bikin ƙanwar matata ba. Ni malamin Turanci ne a sakandare, amma a gidan surukaina da ke Ƙofar Marke, duk wanda ya yi boko an ɗauka ya san komai (ni kuma ban taɓa gyara musu wannan zaton ba).

Surukina mahauci ne. Da ɗauke wuta ta ishe shi, sai ya yanke shawarar sa sola saboda firizar nama, ya ce in tsaya a kan aikin. Mai haɗawar, wani dattijo Malam Sahabi, ya zo da ƙarafa zai ɗaga farantan solar sama da rufin kwano, don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsu. Na hana. Na yi masa doguwar lacca cewa zafi ne abincin sola, Sakkwato kuwa Allah ya hore mata zafi, don haka a manna su jikin kwano, su sha ta sama su sha ta ƙasa. Ya dube ni kawai, ya ce to a dai riƙa wanke su. Na ce ruwan sama zai wanke (a ƙarshen damina nake wannan magana, ku lura).

Da sanyi komai ya tafi daidai, ina ta shan yabo. Bazara na kamawa batir ya daina cika, firiza ta fara mutuwa tana tashi, ba wanda ya kula saboda hidimar biki. Aka yanka sa, aka cika ta da nama. Ranar ɗaurin aure da safe aka buɗe, wari ya kori mata daga tsakar gida.

Maimakon in yi shiru, sai na kira Malam Sahabi. A gaban surukina da baƙi cike da tabarmi na ce ya sayar mana da jabu. Bai musa ba. Ya hau tsani ya duba, ya sauko yana yarfa hannu don ƙuna.

“Malam, haske suka ci, ba zahi ba,” in ji shi. “In sun gasu ƙarhinsu raguwa yakai. Ga kashin tantabaru ya ruhe rabinsu. Kuma kai kac ce a manna su ga kwano.”

Surukina ya tashi kawai, ya aika wa abokan sana'arsa suka kawo nama. Sai bayan la'asar baƙi suka ci abinci. Da ma surukin nawa zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Yanzu an ɗaga farantan, kuma ni ke hawa da bokiti duk Asabar. Na kuma gane cewa in mai sana'a ya ce maka to bayan ka gama masa lacca, ba gamsuwa ya yi ba, kunyarka yake ji.