Furar Da Na Sha a Bayan Dutse Na Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Malama Saratu ta raina ni ba. Raini ne, ba wani suna da zan ba shi. Ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Jibiya ya shirya fita hawan duwatsun da ke arewa da gari, don mu ga iyakar da take nuna mana a taswira, sai ta dube ni a gaban kowa ta ce, "Inna, ku manya sai ku zauna a gindin dutse ku tsare mana kulolin abinci."

Ni da na girma ina ɗebo itace a kan duwatsun nan tun ba a haifi uwarta ba! (To, ƙila an haife ta, amma dai ba ta yi wayo ba.) Na ɗaure zane, na ce kula ta tsare kanta.

Lokacin daji lafiya lau yake, mata na fita ba fargaba. Dutse na farko na riga kowa hawa, na tsaya a ƙoli ina kiran 'yan mata, "Ku taho mana, ko sai na goya ku?" A na biyu na tarar da kwarmin da muke shan ruwan sama muna yara, yana nan yadda na bar shi, har da magaryar da ke gefensa. Na tuna ƙawayena da muke tsere da dammunan itace a ka, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Daga can sama gonakin gero sun miƙe har inda ido ya ƙare, ba ka cewa ga tamu ga ta Nijar. Jan layin nan na taswira ban gan shi ba.

A dutse na uku gwiwoyina suka fara magana. Maimakon in faɗa, sai na ce na san wata gajeriyar hanya, na yi gaba ni kaɗai don kada a ga ina ɗingishi. Hanyar kuwa ta sauke ni ta bayan dutsen, takalmi ɗaya ya tsinke, mayafi ya yage a ƙaya, maƙogwaro ya bushe. La'asar ta yi kafin na faɗa wani ɗan ƙauye.

Wani dattijo na zaune a ƙofar gida yana tufka igiya. Na yi sallama, na zube a tabarmarsa ba tare da an ce in zauna ba.

"Bawan Allah, ruwa, don Annabi."

Ya leƙa ta zana ya yi kira, matarsa ta fito da ƙwaryar fura. Na ajiye ludayi gefe, na kafa kai. Na sha har da gyatsa. Na miƙe ƙafafu, na ture ɗankwali, na ce a ƙaro.

"Baiwar Allah, daga ina haka?" in ji dattijon.

"Jibiya. Nan wane gari ne?"

"Ai kin shigo Nijar. Lalle Jibiya tamu ce, yaron wajena can yake lodi kullum."

Da mai hankali ce, nan za ta tsaya ta yi tambaya. Ni fura ta riga ta buɗe min baki.

"Direbobin nan naku!" na ce. "Akwai wani da ya liƙe wa ta wajena, Isufu, siriri kamar sillen kara. Yaron dai ba laifi. Amma an ce min uban marowaci ne na ƙin ƙarawa, ko kaza bai taɓa yanka wa baƙo ba. Sai na yi tunani tukuna kafin in ba su ɗiya."

(Gaskiyar magana, a kasuwa na tsinci zancen, kuma auren an riga an sa rana. Kawunnanta ne suka yi komai da mazan gidan. Ni a al'ada ko hanya muka haɗa da surukin sai in rufe fuska in kauce, balle in ci abinci a gabansa. Shi ya sa ban san kamannin uban Isufu ba.)

Dattijon ya ci gaba da tufkarsa. Matar ta koma ciki da sauri, na ji kamar tana tari.

Sai ga mota ta tsaya. Wanda ya fito ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna! Lahiya? Mi ya kawo ku?" Ya juya ga dattijon. "Baba, ai su ne mahaifiyar Hadiza."

Jama'a, ga ni ba ɗankwali, ƙafa ɗaya ba takalmi, fura a haɓa, ƙwarya ta biyu a cinya. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Abin da ya faɗo min a rai shi ne 'yata, wadda ta gama ɗinkin kayanta, da yadda zan ce mata bakina ya watsa mata aure.

Dattijon ya ajiye igiya a hankali ya ce, "Isuhu, kamo min jan zakaran nan. A kai baƙuwa gida da shi."

Haka muka bi ta titi, muka wuce duwan, wato kwastan ɗin Nijar, muka wuce shingen namu, zakara na kuka a cinyata, ni da Isufu ba mai kallon wani. A gida Hadiza ta ji labari ta shige ɗaki, ta ƙi cin tuwo.

Tun daga ranar na koyi tambayar sunan mai gida kafin in ɗaga ƙwarya, don na lura furar kyauta tana sakin harshe.

Washegari da sassafe na sa aka yanka zakaran, na yi masa miyar da ban taɓa yi wa mijina ba. Na sayi goro, na lulluɓe da babban mayafi har ƙasa, na hau mota ta bakin iyaka kamar mutanen kirki. Na tsaya daga bayan zana, na miƙa wa uwar Isufu kwanon, na ce, "Yaya, ki ce da Malam matar jiya ta ɓata a dutse, ba a gan ta ba. Wannan surukarsa ce ta zo gaisuwa."