Ranar da na cinye rabon kakan Mari

Ba zan taɓa mantawa ba da irin kunyar da cikina ya jawo mini a saman wani dogon bene a unguwar Al Rigga.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Dubai, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da cikina. Akwai wata 'yar Kanada da muke aiki tare, Mari. Da farko Baturiya na ɗauke ta, sai ta ce mini a'a, ita 'yar ƙabilar Algonkwin ce, su Turawa suka tarar a ƙasar. Gwamnati ta karɓe dazuzzukansu, ta yanka musu ɗan yanki a bakin wani tafki ta ce nan ne iyakarsu. Can aka haife ta, ƙauyen da kowa ya san kowa. Suna kamun kifi da farauta, in ƙanƙara ta fara narkewa su huda itatuwa su tari ruwan zaƙi su dafa sukari.

Kakarta ta kawo mata ziyara, ya zo daidai da cikar mijin tsohuwar shekara da rasuwa. Suka shirya ɗan abinci na tunawa da shi, Mari ta gayyace ni da Anti Rabi, babbarmu a aiki. Daga asibiti na wuce, tun safe ruwan shayi ne kawai a cikina. Muka tarar tsohuwa tana ta jawabi da yarensu, tukwane a rufe, ƙamshi yana neman kashe ni. Ana cikin haka yayata ta kira daga Kano, na sulale baranda.

Nan na gan shi. Ɗan faranti shi kaɗai a kan kujera: yankan kifi, gutsuren soyayyen burodi, da wani ƙulli mai kama da mazarƙwaila. (Na ce a raina, mutanen nan sun san darajar baƙo, har da na taɓa baki.) Ina waya ina ci. Ƙullin nan ya narke a bakina, har yatsa na sa na suɗe farantin.

Ina komawa ciki na tarar Mari tana yi wa Anti Rabi bayani. A al'adarsu, kafin kowa ya ci, ana ɗiban kaɗan daga kowane abinci a ajiye wa mamaci a waje. Ta ce kakanta yana yaro hukuma ta ƙwace shi daga iyayensa ta kai shi makarantar kwana, inda ake dukansu in sun yi yarensu, ga yunwa. Shi ya sa tsohuwar ba ta yarda a bar shi ba rabo. Sukarin kuwa ragowar wanda ya dafa da hannunsa ne, shi ke nan na ƙarshe.

Gumi ya keto mini duk da sanyin na'ura. Tsohuwar ta buɗe ƙofar baranda, ta tsaya tana kallon faranti fes. Anti Rabi ta dubi farantin, ta dubi ɓurɓushin da ke kan hijabina.

"Ke!" ta ce ƙasa-ƙasa. "Khalas, shi ke nan, kin kashe mu. Yalla, maza ki faɗa da bakinki."

Wallahi sai da na yi tunanin ɗora wa tattabaru laifin. Amma na durƙusa gaban tsohuwar, na ce, "Kaka, ni ce. Ki yafe mini, ban sani ba."

Na fara hawaye. Sai kafaɗun tsohuwar suka soma girgiza, ashe dariya take yi, ita ma da ƙwalla a ido.

"A gida gindin bishiya muke ajiyewa, karnukan unguwa su cinye," ta ce. "Tun safe nake damuwa, wannan gari ba bishiya ba kare, wa zai ɗauka?" Ta ɗaga farantin ta juya shi. "Har suɗewa kika yi. Haka shi ma marigayin yake yi."

Da hannunta ta zuba mini abinci, ta cika taf, na kasa cin ko rabi.

Har yau in Anti Rabi ta ga na nufi tiren abinci a wurin aiki sai ta yi haushin kare ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ɗauki darasi: duk farantin da na gani shi kaɗai, sai na tambayi mai shi tukuna, yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya.