Yadda Na Shiga Zumuntar Mata

Tunda na yi ritaya daga koyarwa na ɗaura yaƙi da bola a gidanmu a Kafanchan. Kullum sai in leƙa kwandon shara, in yi wa iyalina wa'azi a kan leda da zubar da abin da za a iya sake amfani da shi, har matata ta daina tanka mini.

Wata Asabar ta tafi biki Zangon Kataf, sai na ga wani koɗaɗɗen zane jibge a bayan ƙofa. Na ce to, ga tsumman da za a yar. Ban tambayi kowa ba, ni da na san komai! Na kai wa tela ya ɗinka mini jakar cefane, na rataya na shiga kasuwa ina taƙama. Masu tumatir suna kallona suna dariya, na ɗauka burge su na yi. Har tsayawa na yi ina musu bayanin illar leda.

Da yamma matata ta dawo, ta ga jakar cike da doya, ta dafe ƙirji.

"Baban Godiya, zanen Zumuntar Mata ne wannan! Don wanki na ajiye shi. Gobe muna da waƙa a coci, kuma ni ce a gaba!"

Na ce, "Ai ya koɗe."

Ta ce, "Kai ma ka koɗe, an yanka ka?"

Da zanen aro ta je. Ni kuwa har yau ban huta ba. Ina shiga coci matan za su matsa mini a bencinsu, suna cewa, "Sannu da zuwa, Mama. Yau ba a zo da anko ba?"