Rasuwar Kacau-kacau, Baƙar Jaket Ɗin Wahab

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda mutum ɗaya tak yake ji a duk faɗin Bronx, iyalan Malam Wahab Tamimu na Soundview suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan New York da na gida Kumasi, rasuwar baƙar jaket ɗinsa ta fata, wadda aka fi sani da Kacau-kacau. Ta rasu ranar Laraba bayan la'asar a kan teburin Alhaji Yacouba baduku, bayan gajeriyar jinya da doguwar fitina. Shekara ɗaya da kwana tara ta yi a gidan. Shekarunta na duniya kuwa ba wanda ya sani, domin a gwanjo aka samo ta, ta riga ta ƙarar da ƙuruciyarta a jikin wasu.

Mai rubuta sanarwar yayarsa ce, Fusena, kuma ba da son ranta ba. Wahab ne ya zauna a falo ya haɗa kai da gwiwa, ya ce hannunsa ba zai iya riƙe alƙalami ba, a taimaka a rubuta cikin mutunci. To, ga mutuncin nan gwargwadon abin da ya samu.

Wanda bai san yadda marigayiya ta shigo gidan ba, ga asalin maganar. Wahab direban tasi ne, shekararsa hamsin da huɗu, ashirin da biyu daga ciki a layin jiran fasinja na filin jirgin JFK ya yi su. Mutum ne da ko rediyo ba ya kunnawa sai don labarai. 'Yarsa ɗaya a duniya, Fauzia. Shekara uku da suka wuce ta kamu da son wani kiɗa da ake kira fank, wanda idan ba ka taɓa ji ba ka gode wa Allah. Ta cika ɗakinta da faifai da hotuna da baƙaƙen riguna. Wata safiya tana wurin aiki, ubanta ya tattara su kaf ya zuba a baƙar leda, ya saukar ƙasa, motar shara ta zo ta wuce da su. Fauzia ta dawo ta tarar da bango fayau. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Bayan mako guda ta haɗa jakarta ta koma Tompkinsville, can tsallaken ruwa. Shekara biyu cur ba ta ɗauki wayarsa ba. Uwarta Nimatu take kira, kuma da ta jiyo ko tarinsa a kusa sai ta kashe.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wannan shirun ne ya kai Wahab wani shagon gwanjo a Manhattan, bayan ya ga hoton Fauzia a wayar uwarta sanye da irin wannan riga. Can ya tarar da marigayiya a rataye, fil-fil sun cika ƙirjinta, sarƙa biyu na lilo a kafaɗa, a baya an rubuta sunan ƙungiyar makaɗan da Fauzia ke so da farin fenti. Ya saka ta, zif ya ƙi hawa tumbinsa, ya ce ai haka ake yayi. Ranar Lahadi da rana tsaka ya tafi wani fili inda ake wannan kiɗa, ya tsaya bayan taro, ga tabon sallah a goshi, ga sarƙa a kafaɗa. Fauzia ta waiwayo ta gan shi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Dad, what are you wearing?" in ji ta.

Ita ce magana ta farko da ta yi masa cikin shekara biyu, kuma tun daga ranar ya ɗora wa jaket dukkan ladan.

Ƙungiyar da ake wannan hauka dominta, ba za a ɓata takarda da sunanta ba. A gidan 'Yan Gwangwani ake ce musu. Wasu samari biyar ne da suka rasa aikin yi shekara hamsin baya, suka shiga ƙarƙashin wani gini suna dukan ƙarafa suna ihu, aka rasa mai tsawata musu har abin ya zama tarihi. Waƙarsu ba ta kai minti biyu, wannan kaɗai ce rahamar da ke cikinta. Uku sun mutu, ɗaya ya kurumce da hannunsa, na biyar an ce yana can yana kiwon kaji. Ba ɗayansu da ya san akwai wani Wahab a duniya. Amma shi ya haddace sunayensu da na iyayensu, da shekarar da mai ganga ya yi fushi ya fita, da shekarar da yunwa ta dawo da shi. Mutumin da har yau sai an tuna masa ranar da aka ɗaura aurensa.

Mai gida ya roƙi a ambaci kyawawan halayen marigayiya, kuma za a ambata. Ba ta taɓa shiga wuri a ɓoye ba. Tun daga ƙasan bene ake jin ta, kacau, kacau, kacau, har hawa na huɗu, ta yadda Nimatu kan samu lokacin zuba abinci kafin a turo ƙofa. In ya ɗaga hannu ta ce ƙiii, in ya sauke ta ce ƙuuu. Ba ta da wariya, duk wanda ya matso kusa sai ta ja shi. A wani taron suna a nan Soundview ta kama mayafin wata Hajiya, mayafin leshi sabo fil, aka yi minti goma ana sasanci tsakanin fil da zare, Hajiya na salati, Wahab na ba da haƙuri da yare uku. Tana kuma da riƙon amana, domin duk zufar da aka ba ta ajiya a watan Yuli ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ranar da ya ɗauko wani tsoho daga filin jirgi, tsohon ya sauke gilashi tun daga Queens har Harlem.

Da sanyi ya kankama, a cikinta yake tsayawa sahu da sauran direbobi a filin jira. In aka yi ruku'u sai a ji kacau, in aka ɗago a ji kacau. Direbobin Nijar suka sa masa suna "le rockeur", wato sarkin kiɗan ihu da Faransanci. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Watan azumi kaɗai aka samu lafiya, lokacin da ya rataye ta a kabad don kunya. Ranar idi da safe ya fito da ita zai ɗora kan babbar riga, Nimatu ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Wahab, ko ni ko shi. Ba za ka kunyata ni a filin idi ba, kraa."

Ya mayar da ita, yana ta shafa hannunta kamar mai lallashin yaro.

A nan dole mai rubutu ta sassauta murya kaɗan. Duk Lahadi ta biyu Wahab yakan saka marigayiya, ya hau jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ya hau jirgin ruwa ya tsallaka. Fauzia na jiransa a wani benci kusa da tasha. Sukan zauna, ta sa masa abin sauraro ɗaya a kunne, ta sa ɗaya a nata, 'Yan Gwangwani su yi ta ihu a tsakaninsu na awa guda. Hira ba ta da yawa. Gidan kuwa ba ta taka ba ko sau ɗaya. Shi dai ya gamsu a ransa cewa jaket take yi wa murmushi, kuma ranar da ya je ba ita, mutumin da ya ɗaure baƙar leda za ta gani. Tsoron nan na gaske ne, yana kwana da shi yana tashi da shi, kuma shi ya sa ba mu ƙone rigar tun da wuri ba.

Ciwon ajali ya same ta a watan Agusta. An yi wani kiɗan a fili, Wahab ya ga samari suna karo da juna a gaban makaɗa kamar raguna, ya ce shi ma fan ne na gaske, ya kutsa. Ya fito da gwiwa a kumbure, marigayiya kuma hammatarta ta dama ta yage har shafin ciki ya leƙo. Aka yi mata jinyar gida da fil, abin ya ƙi. Nimatu ta ce allurarta ba ta saba da irin wannan aiki ba. Shure-shure ba ya hana mutuwa, daga ƙarshe aka kai ta wurin Alhaji Yacouba, mutumin Damagaram mai shagon gyaran jaka da takalmi, wanda dukanci ya gada kaka da kakanni.

Alhaji ya shimfiɗa ta, ya farke shafin, ya kai fatar kusa da fitila. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ajiye ta a hankali, ya tashi ya wanke hannu da sabulu.

"Malam Wahab, matso ka gani. Ka ga 'yan ramukkan nan uku-uku, kamar duwatsun murhu?"

"Na gani, Alhaji. Design ne?"

"Wane design! Gurbin gashi ne. Saniya ba ta da shi, akuya ba ta da shi. Dabba guda ke fidda gashi uku-uku haka, mon frère. Alade ne."

Wahab ya dafa tebur. "Alhaji, duba dai da kyau. Na yi sallah a ciki paa. Duk winter."

"Tun ina ɗan shekara bakwai nake taɓa fata. C'est fini. Ɗauke mini ita daga bisa tebur."

Nan ta cika, ƙarfe biyar saura kwata. Sautinta na ƙarshe shi ne kacau ɗaya, lokacin da aka tura ta cikin jakar leda da tsinken tsintsiya.

Washegari ya je wurin liman. Liman ya kwantar masa da hankali, ya ce abin da aka yi cikin rashin sani Allah mai gafara ne, amma yanzu ya sani, sai a rabu da ita. Sai ga Wahab, da furfurarsa, yana tambaya ko zai iya saka ta ranar Lahadi kaɗai, in ya ɗora ta a kan riga biyu. Liman ya dube shi ta saman tabarau.

Marigayiya ta bar fil arba'in da ɗaya, sarƙa biyu, zif ɗaya da bai taɓa aikin da aka yi shi dominsa ba, da wasu manyan takalma masu nauyin tsiya da aka sayo tare da ita, waɗanda yanzu Alhaji Yacouba yake bincikar asalinsu. Ta kuma bar Wahab, wanda ya yi kwana uku yana juya cokali a cikin waakye, shinkafa da waken can gida, domin gobe ce Lahadin benci kuma ba shi da abin sawa.

Yau da hantsi ya ɗauki waya ya aika saƙon murya, muna jin sa daga kicin.

"Fauzia, babanki ne. Jaket ya mutu. Alhaji ya ce fatan alade ne. Gobe ba zan iya sa shi ba. In kin ce kar in zo, na ji, ba komai."

Ya ajiye wayar a kan gwiwa ya zuba mata ido. Har aka kira azahar bai motsa ba. Da amsar ta shigo ya kasa dannawa, sai Nimatu ce ta danna. Muryar Fauzia ta fito, kuma da Hausa, Hausarta mai ɗingishi wadda rabon da a ji ta tun tana firamare.

"Baba, ni na daina jin band ɗin tun February. Suna ba ni headache. Na ga kana so ne, shi ya sa ban faɗa ba. Kar ka zo. Ni zan zo. Ka ce ma Mama ta ajiye mini waakye."

Sai Wahab ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin maganin ciwon kai saura ƙwaya biyu, ya ajiye a tebur. Ashe duk ranar benci sai ya haɗiyi biyu kafin ya hau jirgin ruwa. Wata bakwai uba da 'ya suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna shan azabar 'Yan Gwangwani, kowa yana yi don ɗan'uwansa. Mai rubutu ta so ta yi dariya, sai ta ga ƙanenta yana share ido da bayan hannu, ta fasa.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi bayan azahar, a ɗakin shara na ƙasan bene, domin motar Litinin ta same ta a shirye. Ba wanka, ba sallah, ba zaman makoki, kuma addu'ar da aka saba rufe irin wannan sanarwa da ita an tsallake ta da gangan. Masu zuwa ta'aziyya su zo da bakinsu kawai, duk wanda ya kunna kiɗa za a haɗa da wayarsa. Likkafani baƙar leda ce, irin waccan ta shekara uku da suka wuce. Fauzia ce za ta ɗaure bakinta. Kafin ta ɗaure, akwai kalma ɗaya ta neman gafara da Wahab ya yi shekara guda yana saka fatar alade don kada ya furta ta da bakinsa, kuma yayarsa za ta tsaya a bakin ƙofa, ba mai fita sai ya faɗe ta.

Daga nan za a hau sama a ci abinci. Nimatu ta riga ta sauko da farantin Fauzia mai shuɗin baki daga saman kabad, wanda rabon da a zuba abinci a cikinsa shekara uku ke nan. Ta wanke shi sau biyu.