Ranar da Na Ɓace Daga Tele

Ba zan taɓa mantawa da sati na huɗu na shirinmu na tele ba, don ba a yi na biyar ba.

Wata 'yar tasha ce a Aubervilliers, nan gefen Paris, ta ba mu minti goma sha biyar duk Asabar, mu tattauna al'amuran yau da kullum da Hausa. Ni ne mai gabatarwa (cikin kwat na aro, kafaɗunsa sun fi nawa faɗi). Shugabar tashar, wata Bafaranshiya da ba ta wasa, ta ce gwaji ne, in ta ga shiririta za ta rufe.

Ran nan batunmu wahalar sabunta takardar zama. Baƙonmu ta wayar talho shi ne Alhaji Mamman daga Lyon, dattijon Damagaram da ya ba ni ɗaki da tuwo shekarar da na zo karatu ban san kowa ba. Tun da safe na roƙe shi, "Baba, a taƙaita gaisuwa." Ya ce, "Haba, ni yaro ne?"

Aka haɗa mu kai tsaye. "Salamu alaikum, ɗana! Ina gajiya? Ina sanyi?" Jin muryar nan ke da wuya, na manta a Paris nake. Na zame daga kujera na durƙusa kamar yadda na saba a gabansa, kai a sunkuye, ina ta "Lahiya lau, Baba."

Mai kamara na ta yarfa hannu, ni ko a jikina. Jama'a suka zuba wa kujera ido babu kowa a kanta, murya na fitowa daga ƙarƙashin tebur. Alhaji ya tambayi ciwon ƙafar mahaifiyata, ya bi ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunansu. To wa zai katse shi? Minti shida cur! Ina miƙewa na ga shugabar tsaye ta harɗe hannu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ran Litinin aka rufe shirin. Na kira Alhaji ina kame-kame, ashe telensa na kunne ran nan, ya ga komai. Ya ce, "Kowa dariya yake yi, ni kuwa hawaye na yi. Shekara bakwai a Turai, gwiwarka ba ta sandare ba."

To, in har za ka gayyaci wanda ya ciyar da kai, ka sa a sauko da kamara ƙasa tun kafin ya yi sallama.