Injiniya Mai Allura

Da aka tura ni aiki Jimeta ban san kowa ba, sai na haɗa kwamfuta da hannuna don hirar bidiyo da matata a Ganye. Wayar sauti ta ƙi zama a babban allon cikin kwamfutar, rami ɗaya na bakin wayar a toshe. Na ce sakacin kamfani ne. Na huda shi da allura, na danna ta a gurbin da ba nata ba. Sati biyu bakin matata na motsi, ɗakina shiru.

Da na kai ta wurin mai gyara, ya yi dariya har da hawaye: "Oga, don irinku aka toshe shi!"

Har yau in na wuce shagonsa sai ya ƙwala: "Injiniya mai allura!" Nakan amsa. Duk Jimeta shi kaɗai ke kirana.