Ramuka Huɗu a Gindin Baranda

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka naɗa ni shugaban kwamitin gyare-gyare na makarantarmu ba, shekara biyu bayan an yanko mana jiha daga Sakkwato. Makarantar kwana ce a bayan Tsafe, a gindin dutse, kuma da rani aka dawo da ni can. Ni malamin Turanci ne. An ba ni muƙamin ne saboda rubutuna yana da kyau (har yau ban gano wani dalilin ba). Kafin nan, aikin gini mafi girma da na taɓa yi shi ne kafa ƙusar da nake rataye kalanda.

Mai aikin na gaske Baba Ummaru ne, mutumin Kekun Waje. Shi ne kafinta, shi ne birkila, shi ke gyaran famfo, shi ke hawa kwano in ya yi yoyo, in fanka ta tsaya shi ake nema. A takarda kuwa lebura ne, shekara goma sha tara. A shekarar nan ma'aikatar ilimi ta buɗe gurbin mataimakin mai kula da gine-gine, matsakaicin mataki, wanda in ya samu zai daina ɗaukar kwanon siminti a kan furfurarsa. Sharaɗin shi ne takardar gwajin sana'a mataki na biyu, ko kuma dogon aiki tare da shaidar wanda ke sama da kai. Baba ba shi da takarda. Wanda ke sama da shi kuwa, Allah da ikonsa, ni ne.

Na ɗauki abin da zafi. Na aro wani littafi a laburare, na kwafo ayyukan mai wannan muƙami guda goma sha biyu, na zuba su cikin Hausa mai daɗi, aka buga a keken rubutu, don a bi su ranar ganawa da shi. A shaidar kuma na rubuta cewa Baba mutum ne mai ƙwazo, sai dai "ba shi da idon kyan aiki". Hujjata wasu ramuka huɗu ne a gindin gajeriyar katangar da ta kewaye barandar zauren taro. Kowanne hannu zai shiga, ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa, kamar gafiya aka ba kwangilar.

Na same shi yana fere katako, na ce, "Baba, a toshe ramukan nan kafin baƙi su zo."

"Malam, ni na huda su da hannuna. In ruwa ya sauko daga dutsen ga..."

"Na san ruwa, Baba. Na karanta labarin ƙasa. Sun ɓata ginin."

"Sun ɓata shi kam," in ji shi, ya ci gaba da ferarsa.

Ranar Asabar ya tafi suna Bungudu. Ni kuwa na naɗe hannun riga, na ɗebo siminti a sito, na haɗa da yashi da awon ido, na cike ramukan tas, na shafe da farar ƙasa. Na ja da baya na daɗe ina kallo. Gaskiya sun yi kyau (wannan kam ba wanda ya taɓa musa mani).

Ranar Litinin Daraktan ma'aikatar, dattijo mai farar babbar riga da ƙarancin magana, ya iso daga Gusau don ganawa da Baba. Muka yi azahar a kan tabarmi cikin zauren tare da Shugaban makaranta, takalma suna baranda, aka ce a zauna nan a gama. Hadari ya riga ya haɗo ta gabas. Baba ya iso daga tasha da kaftaninsa na Juma'a. Da zai shiga ya kalli gindin katangar, ya kalli sama, ya kalle ni. Ya buɗe baki ke nan Shugaba ya ce, "Ummaru, Darakta ake sa jira?" Sai ya cire takalmi ya shiga.

Ruwa ya kece. Darakta ya ɗauki takardata yana bi ɗaya bayan ɗaya, Baba yana amsawa, amma kunnensa yana ƙofa. Ni kuwa ina gefe ina jin daɗin yadda jimlolina ke fita a bakin babban mutum. Aka zo ta bakwai: "Tabbatar da cewa duk magudanan ruwa a buɗe suke kafin faɗuwar damina." Ni na rubuta ta. A raina magudana wata aba ce mai faɗi da ake zanawa a littafi, ba rami mai kama da gidan gafiya ba.

Daidai nan ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, a natse, kamar shi ma an gayyace shi. Ya bi tabarmi, ya kama gefen babbar riga. Shugaba ya buɗe ƙofa, sai ga baranda ta cika kamar kwamin shanu, takalmanmu suna iyo, na Darakta a gaba.

Darakta ya tattare rigarsa, ya dubi Baba. "Ta bakwan ga aikin wa ne?"

"Nawa ne, ranka shi daɗe."

"Shekara goma sha tara, magudana ta gagare ka?" Ya rufe fayil ɗin.

Baba bai ko kalle ni ba. Ya ce, "A bar ni in buɗe tukuna, sannan a yi mani faɗan." Ya fita cikin ruwa da kaftaninsa, ya sa diddige ya daki ramin farko. Simintina ya zube kamar dafaffen rogo. Haka na biyu, na uku, na huɗu. Ruwa ya fara ja. Ya ɗago yana share fuska, ya ce, "Allah ya rufa asiri, wanda ya kwaɓa bai san awo ba. Da ya iya, sai an kawo guduma."

Ba wanda ya san ni ne sai shi, kuma na ga ba zai faɗa ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, wando a naɗe, riƙe da takalmin Darakta ƙafa ɗaya da na kamo yana ɗiga. Na so in yi shiru, ba zan ɓoye muku ba. Amma fayil ɗin yana rufe. Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Ranka ya daɗe, ni na toshe su."

Darakta ya juyo gare ni. "Kai ka rubuta ta bakwai?"

"Ni ne."

"Kai kuma ka toshe?"

"Ni ne."

"To, Malam, ba za a ce ba ka aiki ba."

Ya buɗe fayil, ya nemo inda na ce Baba ba shi da idon kyan aiki, ya miƙo mani bironsa. Na soke layin a gaban kowa, da takalmi a ɗaya hannun. Takardar ƙarin matakin Baba ta zo bayan an yi girbi. Bai taɓa tayar mani da zancen ba, sai dai duk sanda zai kwaɓa siminti yakan ƙirga kwanonin yashi da ƙarfi in ina kusa.

Tun daga ranar, in na ga wani abu mummuna ya daɗe a jikin gini, mai gyara yana wuce shi kullum bai taɓa shi ba, nakan ɗauka abin yana bakin aikinsa ne, in wuce da ladabi. Gyaran da nake yi yanzu na jan biro ne a littattafan ɗalibai. Nan ma nakan yi kuskure, amma takalmin kowa bai taɓa iyo ba.